Idon Kaza da Kan Ƙusa

Hantsi ya ɗaga, amma rana ta ƙi fitowa. Tun da safe hadari yake haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, iska kuma ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. A cikin shagon buga takardu zufa ce ke bin bayan Bahago, warin tawada da na kananzir ya cika ɗakin.

Yau za a tafi da Baba. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye zaman gidan nan na saman shago ya yi masa wuya, ga matakala, ga asibiti da nisa. Auta, ƙanwar su Bahago, ta ce ya koma wurinta kusa da likita. An ɗaure kaya tun jiya, motar mijinta na tsaye a ƙofar shago. A kan hanyar garinsu akwai wani rafi da ba shi da gada, in ruwa ya sauka sai a kwana a bakinsa ana jira ya janye. Shi ya sa mijin nata, wanda kowa ke kira Direba, ya kasa zama, sai zagaya mota yake yi yana kallon sama.

Abu ɗaya ya hana tafiya, shi ne hoton Baba.

Aiki iri biyu ake yi a shagon. Yaya, babban wansu, shi ne mai haruffa. Yana tsintar haruffan darma ɗaya bayan ɗaya daga durowa, ya jera, ya ɗaure, ya buga katin gayyata da takardun sanarwa. Baba da Bahago su ne masu hoto. Leda ake samu mai kauri, irin ta shimfiɗa a ɗaki, a manna ta a kan katako ta zama allo. A yi zane a kai, a sa ɗan kurfi, wato ƙarfen sassaƙa, a sassaƙe duk inda ba a son tawada ta taɓa, a shafa tawada da rola, a kifa takarda, a danna da inji. To amma Baba yana da wata hanya tasa ta masu taurin kai. Ba ya yi wa kowane launi allonsa, da allo guda yake yin duka. Sai ya buga rawaya, ya ƙara sassaƙe allon, ya buga ja a kan rawayan, ya sake sassaƙa, sannan baƙi ya zo ya rufe. Abin da kurfi ya ci kuwa ya tafi ke nan. In takarda ta ɓaci a launin ƙarshe, babu allon da za a koma a buga na farko da shi.

Ya buga rawaya, ya buga ja, ciwo ya kayar da shi. Takardu shida ya bari a kan kantar shago. Hoton tsakar gida ne, da igiyar shanya, da kaza a gefe, da wata mace ta juya baya tana shanya zane. Baba bai taɓa faɗin ko wace ce ba, ba wanda kuma ya tambaya, don duk wanda ya san marigayiya Inna ya san wannan tsayuwar. Sai dai da yake baƙi bai hau ba, macen kamar hayaƙi take, ba kafaɗa, ba ɗaurin kallabi.

Ciwon ya tafi da maganar Baba, kalma ɗaya ya bar masa: “To.” Da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa. Ran da aka sa ranar tafiya sai ya ƙi abinci, ya yi ta nuna kantar da sanda, har Bahago ya sauko da allon. Tun daga ranar Bahago yake bin zanen fensir ɗin da Baba ya bari, yana sassaƙa a hankali. Yau ɗaurin kallabi kaɗai ya rage.

Ledar ta tsufa ta yi tauri, in ba a ɗumama ta ba kurfi sai ya zame. Ba a kai ta kusa da wuta. Yadda Baba ya saba, zama ake yi a kanta. Shi ya sa da aka sauko da shi aka ajiye a kujerarsa ta gefen inji, ya nuna allon, ya nuna ƙarƙashinsa, aka ɗaga shi aka sa masa.

Auta ta shigo da jaka a hannu, ta tsaya tana kallo. “Baba, kwanci kake yi? Yaushe za ta ƙyanƙyashe mu tafi?”

“To,” in ji Baba, ya harare ta da ido ɗaya.

Da ledar ta yi laushi Bahago ya zauna ya gama kallabin, yanka uku ko huɗu, bai ko yi numfashi mai ƙarfi ba. Ya hure ɓarɓashin. Ya zuba baƙar tawada a kan gilashi, ya yi ta murza ta da rola har ta fara ’yar ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Ya shafe allon, ya ɗora shi a gadon inji. A jikin gadon akwai ’yan katakai biyu da Baba ya kafa da ƙusa, sun haɗa kusurwa. A nan ake tura gefen takarda, don kowane launi ya faɗa daidai a kan ɗan’uwansa.

Ya ɗauki takarda ta farko, ya tura ta kusurwar, ya kifa, ya ja mariƙin inji. Ya ɗaga ta a hankali.

Baƙin ya kauce da faɗin yatsa. Macen ta yi kafaɗa biyu a ɓari ɗaya, igiyar shanya ta ratsa ta tsakiyar kanta.

Bahago ya taɓa allon, bai motsa ba. Ya taɓa katakan, suna nan daram. Sai ya ɗauki takarda ta biyu ya bi gefenta da yatsa. Baba da hannu yake yaga takardarsa, gefenta kullum da ɗan gashi-gashi. Wannan kuwa sumul take, har tana neman yanka yatsa.

“Yaya, wa ya taɓa takardun nan?”

Yaya yana tsaye gaban durowarsa, bai juyo ba. “Ni na gyara su. Ɓera ya ci gefen wasu, danshi ya taɓa wasu. Na sa su a wuƙa na daidaita.”

“Tare ka yanka su, ko ɗai-ɗai?”

“Ɗai-ɗai mana. Kowacce na cire iya inda ɓarnarta ta tsaya.”

Bahago ya zauna a kan benci. Da a tare aka yanka, da sai a matsar da katakan sau ɗaya a huta. Yanzu kowace takarda da nata gefen, kusurwar Baba ba ta da sauran amfani.

“Na ɗauka an gama hoton,” in ji Yaya, yanzu kam ya juyo. “Cewa na yi a sa masa a firam ya tafi da shi. Ina na san da saura?”

“A shagon nan aka haife ka, Yaya.”

“Ni mai haruffa ne. Da kai da shi kun taɓa kirana ku ce zo ka gani?”

“Garin gyaran gira dai,” Auta ta fara.

“Ke, rufe mana baki.”

Ta rufe. Baba yana zaune da takardar da ta ɓaci a cinyarsa, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Wahalar ita ce, takarda a kife take hawa allo, mai bugawa ba ya ganin inda take faɗawa. Bahago ya kai ta biyu jikin taga, ɗan hasken da ya rage ya ratsa ta, ya yi alama da fensir a bayanta inda hoton ya tsaya. Ya sake shafa tawada, ya auna da ido, ya kifa, ya ja. Wannan karon kaucewar ba ta kai ta farko ba, amma ta isa. Kazar ta fito da baki biyu, macen kamar ana kallonta da hawaye a ido.

Direba ya leƙo, ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya matso kusa da Bahago ya yi ƙasa da murya. “Malam Bahago, ka dubi Allah ka dubi sama. In rafin nan ya kawo, da tsoho marar lafiya za mu kwana a mota.”

“Yanzu zan gama.”

“Tun ɗazu kake yanzu.”

Yaya ya ajiye haruffan hannunsa ya zo. “Juya aikin. Shimfiɗa takardar tana kallon sama, ka kifa allon a kanta. Ai sai ka ga inda za ka sa.”

“Allon da nauyi.”

“To kai ka san wata dabara?”

Bahago bai san wata ba. Ya shimfiɗa ta uku, ya ɗauki allon da hannu biyu, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gadon inji yana leƙen gefe. Ya sauke ɓari ɗaya lafiya. Garin sauke ɗayan, zufar tafin hannunsa ta sa katakon ya ɗan zame. Kaɗan ne, ko shi bai tabbata ba sai da ya ɗaga. Baƙi ya goge bayan macen tun daga wuya har ƙugu.

“Ka ga dabararka,” in ji Bahago.

“Dabarata ce ta zame, ko hannunka?”

A waje iska ta taso. Wata takarda ta tashi daga teburin Yaya ta faɗa ƙasa, ƙofa ta bugu da bango. Saura uku a kan kanta.

Auta ta ɗauki ɗaya daga cikinsu ta durƙusa gaban Baba. “Baba, mu tafi da wannan haka. Wallahi ya yi kyau. Rawaya da ja ma ai hoto ne. In Yaya Bahago ya samu natsuwa sai ya yi sauran ya aiko.”

Baba ya juya fuskarsa bango.

Bahago ya san abin da ke ransa. Ba aike yake so ba. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga takarda daga kan allo, so yake a ɗaga wannan yana wurin. Kuma ba wanda ya ce zai sake ganin shagon nan, ko da yake ba mai faɗa.

“Ba mu da lokaci,” in ji Yaya. “Direba, zo mu ɗauke shi.”

Suka kama kujerar. Baba ya miƙa hannun hagu, mai lafiyar, ya damƙi gyalen Auta a kafaɗa.

“Baba, sake ni mana. Ai tare za mu tafi.”

Bai saki ba sai da ya zare allurar da ta maƙale gyalen da ita. Suka ajiye kujerar. Ya riƙe allurar a dunƙulen hannu, hannun na rawa, ya kai wa takardar da ke cinyarsa suka. Ya kuskure. Ya sake.

“Ku karɓe, zai soki kansa,” in ji Auta. “Haushin hoton yake ji.”

“Dakata,” in ji Bahago.

Ya lura ba ko’ina Baba yake suka ba. Wuri ɗaya yake nema, can ƙasa, inda kazar take. A karo na gaba allurar ta shiga idon kazar. Baba ya zare ta, ya ja hannu zuwa ɗaya kusurwar ta sama, inda aka ɗaure igiyar shanya a jikin ƙusa, ya yi ta dungurin kan ƙusar. Sannan ya nuna allon da haɓa.

“To,” ya ce. “To. To.”

Bahago ya ɗauko allon ya duba. Idon kaza da kan ƙusa, duka biyun fararen ɗigo ne a hoton, tun kafin rawaya Baba ya ƙwaƙule su. Ga su nan a jikin leda, ’yan ramuka biyu kamar na tururuwa. Kuma suna nan a kan kowace takarda, wuƙar Yaya ba ta kai gare su ba. In aka huda takarda a ɗigon nan biyu, aka zura allura ta baya, aka sa bakin kowace allura a raminta, takarda ba ta da inda za ta faɗa sai wurinta.

“A ba ni wata allura.”

Auta ta zazzage jaka, babu. Yaya ya kawo tsinken da yake zaro harafi da shi, ya yi kauri, zai yaga takarda. Direba ya tsaya yana kallonsu, sai ya fita da gudu. Ya dawo da wata ’yar allura mai tsatsa a kai.

“Da ita nake share hancin da ke fesa wa gilashin mota ruwa,” ya ce. “In za ta sa mu tafi, na ba da ita har abada.”

Bahago ya goge ta a rigarsa. Ya huda takarda ta huɗu a idon kaza da kan ƙusa, ya sake shafa tawada, ya zura alluran ta baya, ɗaya a kowane hannu. Ya sa ta sama a raminta. Yana laluben na ƙasa, sai tsakiyar takardar ya yi ciki saboda danshin iska, ya sumbaci tawada tun kafin lokaci. Ya ji taɓawar a yatsunsa. Ya ƙarasa dai ya danna, don ba abin da za a fasa. Da ya ɗaga, layukan sun hau wurinsu, amma kowanne da inuwarsa a gefe.

Saura biyu.

Ya tsaya riƙe da rola. Aikin ya fi ƙarfin hannu biyu, kuma bakinsa ya ƙi buɗewa ya roƙa. Sai ya ji motsi a bayansa. Yaya ne yake goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. Ya zo ya tsaya a ɗaya gefen injin.

“Wacce zan riƙe?”

“Kazar.”

“Ni dai kullum kaza ce rabona a gidan nan.”

Ba wanda ya yi dariya, amma Auta ta sauke numfashi. Bahago ya huda ta biyar. Ya shafa tawadar siririya, ya duba allon ta gefe ko wani gashi ya faɗa. Kowannensu ya riƙe allura da hannu ɗaya, gefen takarda da ɗayan, suka ja ta ta miƙe kamar fatar ganga.

“Kada ka sauke sai na ce.”

“Na ji.”

“Ka samu ramin?”

“Ban samu ba. Ka rage ja, kana ɗauke min ita.”

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan kwanon rufi, sannan wani. Direba ya buɗe baki, Auta ta taka masa ƙafa.

“Na samu,” in ji Yaya.

“Tabbas?”

“Na ji ta zauna.”

“To sauke. A hankali. Bi jikin allurar.”

Takardar ta zame ƙasa a jikin alluran har ta kwanta. Bahago ya dafa tsakiyarta da tafin hannu, suka zare alluran. Ya ja mariƙin inji, ya riƙe shi a danne fiye da yadda ya saba, don tsoron abin da zai gani. Sannan ya saki. Ya kama kusurwa ɗaya, ya tsaya.

“Ku matso da shi.”

Yaya da Direba suka jawo kujerar har gwiwar Baba ta taɓa ƙafar inji. Bahago ya ɗaga takardar a gabansa.

Macen ta fito. Ga kafaɗa, ga gwiwar hannu a sama tana riƙe da bakin zane, ga ɗaurin kallabin nan da ke karkata hagu. Igiya ta bi ta inda ya kamata. Kaza ta samu baki ɗaya. Auta ta sa gefen gyale ta rufe bakinta.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya bi hoton da ido daga sama har ƙasa, kamar yadda yake yi wa aikin kowa. Can ya ɗaga yatsa ya nuna gindin zanen macen, bai taɓa ba. Wani siririn ja ya leƙo ta ƙarƙashin baƙin, bai fi kaurin zare ba. Ya dubi Bahago, ya dubi Yaya. Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga sama. Sai ya nuna ƙofa.

Daga nan komai da gudu aka yi. Baƙar tawada ba ta bushewa a yini ɗaya, ba dama a naɗe hoton ko a ɗora masa wani abu. Yaya ya juye wani kwalin takardu marar zurfi, ya kwantar da hoton a ciki, ya kafe kusurwoyin, ya rufe. Shi da Direba suka ɗauki Baba zuwa mota, Auta na biye da kwalin a ƙarƙashin gyale. Bahago bai taɓa kowa ba, hannuwansa baƙi ƙirin har wuyan hannu.

Da aka zaunar da Baba aka ɗora masa kwalin a cinya, Bahago ya sunkuya ta taga ya miƙa masa gwiwar hannu, don kada ya ɓata shi. Baba ya ture gwiwar, ya kama tafin hannun da tawadarsa, ya riƙe. Direba ya ta da mota.

“Allah ya kiyaye hanya. Ku kira in kun haye rafin.”

“In mun haye,” in ji Direba, yana kallon sama ta gilashi.

Suka tsaya a ƙofar shago har motar ta sha kwana. Yayyafin ya fara ƙarfi, suka koma ciki. Takarda ta shida tana nan a kan kanta, rawaya da ja, ba wanda ya yi maganarta. Yaya ya tsince takardun da iska ta zubar, ya rufe taga.

Bahago ya zuba kananzir a kan gilashi ya fara wanke rola, don in tawada ta kwana a jikinta ta lalace. Yana cikin murzawa hannun rigarsa na hagu ya warware, ya zamo ƙasa yana neman shiga cikin baƙin. Ya ɗaga hannun sama, ya gwada turawa da haɓa, ya ƙi. Yaya ya zo wucewa da durowar haruffa. Ya ajiye ta a kan benci, ya kama hannun rigar ya naɗe masa har saman gwiwar hannu, ya soke bakin don kada ya sake saukowa. Ya ɗauki durowarsa ya wuce.

Bahago bai ɗago kai ba, ya ci gaba da murza rola.